Ba Kowane Tari Ne Tarin Fuka Ba: Gwajin Jini da Magungunan da Ke Taɓa Huhu

A hunturun shekara biyu da suka wuce, kawuna, ƙanen mahaifiyata, dattijo mai shekara 68 da ke zaune a cikin birni, ya fara wani busasshen tari wanda ba ya fitar da kaki. Kowa a gidan ya ɗora laifin a kan ƙura da sanyi, domin a watan Janairu kusan babu gidan da za ka shiga a Kano ba ka ji ana tari ba. Aka ba shi zuma da citta da kanumfari, aka sayo maganin tari na ruwa a kyamis, daga baya aka ƙara da ƙwayoyi har kala biyu. Hazo ya wuce, zafi ya fara shigowa, tarin bai tafi ba, sai ma haki da ya hau kansa, har ta kai mutumin da ba a san shi da rasa jam'in Asuba ba yana tsayawa sau biyu ya dafa bango kafin ya isa masallacin da ke bakin lungunsu. A asibitin da aka fara kai shi an ɗauki hoton ƙirji, an ga duhu-duhu a huhun dama da na hagu, an gwada ɗan kakin da ya iya fitarwa da ƙyar ba a ga ƙwayar cutar tarin fuka ba, amma duk da haka aka ɗora shi a kan maganinta, bisa hujjar cewa gwaji yakan kuskure. Ya sha na mako bakwai, fitsarinsa ya yi ja kamar yadda maganin ya saba sawa, shi kuwa sai ƙara ramewa yake yi.

Wani matashin likita ne a wani asibitin daban ya yi tambayar da ta warware lamarin. Ya ce masa, "Baba, ban da wannan na tari, akwai wani maganin da kuke sha kullum?" Kawu ya ce, "Sai dai na zuciya, ɗana. Shi kuwa ai na kusa shekara biyu ina shan sa, bai taɓa yi mini komai ba." Likitan ya roƙi a je gida a ɗauko ledar magungunan gaba ɗaya, har da fankon kwalaye. Da Inna ta zazzage ledar a kan tebur, sai ga amiyodaron, maganin da ake bai wa masu rikicewar bugun zuciya, wanda littattafan likitanci suka daɗe da shaidar cewa yana iya kumbura huhu ya bar masa tabo. Hoton siti (CT), wanda ke nuna cikin huhu dalla-dalla fiye da hoton ƙirji na yau da kullum, ya ƙarfafa zargin. Likitan zuciya ya canza maganin, aka dakatar da na tarin fuka bayan an sake gwaji, aka fara wani na rage kumburi, kuma a hankali numfashi ya dawo, ko da yake bai koma yadda yake da ba.

Aikina shi ne gwajin jini, kuma jinin kawu ya biyo ta hannuna sau uku a cikin waɗannan watanni. Na ƙirga ƙwayoyin jininsa, na duba hantarsa da ƙodarsa, na auna alamomin kumburi, kuma babu ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ke gabana da zai iya cewa bangon huhunsa ne yake lalacewa. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na bi diddigin gwajin jinin da ake yi a wasu ƙasashe domin gano irin wannan illa. Ra'ayin da na tsaya a kai shi ne, Kano tana buƙatar wannan gwaji, amma kuskure ne babba a sayo shi a fara aiki da lambobin da aka auna a jikin mutanen wata ƙasa, kafin mu auna namu, kuma kafin mu gyara yadda muke rubuta abin da mara lafiya yake sha.

Magungunan da aka tabbatar suna iya taɓa huhu ɗaruruwa ne, har wani likitan huhu a birnin Dijon na Faransa, Philippe Camus, ya shafe shekaru yana tattara su a kundin da ake kira Pneumotox. Amma waɗanda suka fi shafar mu ba su da yawa, kuma duk suna cikin garin nan. Amiyodaron yana taruwa a kitse da hanta da huhu, kuma bayan an daina shan sa yakan ɗauki makonni har watanni kafin ya fita daga jiki, shi ya sa wanda ya taɓa ba ya warkewa da wuri. Biliyomaisin, wanda ake yi wa masu wasu nau'o'in ciwon daji na kaluluwa da na maraina, yana taɓa huhun kusan mutum ɗaya cikin goma, kuma haɗarin yana ƙaruwa idan jimillar abin da aka yi wa mutum ta haura ma'auni 400, ko yana da rauni a ƙoda, ko shekarunsa sun ja. Metotireksat ana bai wa masu amosanin gaɓɓai, sau ɗaya a mako, kuma illarsa ga huhu ta fi bayyana a shekarar farko. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne naitirofurantoyin, maganin ciwon mafitsara, domin mata da yawa suna saye da kansu da sunan maganin sanyi, suna maimaitawa wata da watanni ba tare da wani likita ya sani ba, alhali doguwar mu'amala da shi, daga wata shida zuwa sama, ita ce ke jawo tabon huhu, musamman ga dattijai mata.

Ya kamata in faɗi wani abu ƙarara kafin in ci gaba: waɗannan magunguna ne masu ceton rai, kuma mafi yawan masu shan su ba abin da ke samun huhunsu. Wanda ya karanta wannan rubutu ya jefar da maganin zuciyarsa da kansa ya jefa rayuwarsa cikin haɗarin da ya fi na tari. Abin da ake so shi ne ya koma wurin likitansa da ledarsa a hannu.

Wahalar gano wannan illa ita ce ba ta da wata kama tata ta kanta. Busasshen tari, haki, ɗan zazzaɓi, rama da duhu a hoton ƙirji, duk alamomi ne da limoniya take da su, tarin fuka yana da su, ruwa a huhu saboda gazawar zuciya yana da su, ciwon dajin da ya yaɗu ma yana da su. Likita ba ya isa ga cewa magani ne sai ya kore sauran ɗaya bayan ɗaya. A Najeriya, ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, ban ga laifin likitan da zuciyarsa ta fara tafiya can ba, domin a mafi yawan lokuta shi ne da gaskiya. Sai dai kuskuren yana da tsada ta fuska biyu. Idan illar magani ce aka ɗauke ta tarin fuka, mutum zai ci gaba da shan abin da ke cin huhunsa, a ƙara masa da wasu ƙwayoyi huɗu, akasarinsu masu nauyi a kan hanta, na tsawon watanni. Idan kuwa tarin fuka ne aka ɗauke shi illar magani, za a ba shi sitiroyid mai danne garkuwar jiki, wanda idan babu maganin tarin fuka a tare da shi tamkar an zuba wa wuta fetur ne. Likitan da ke tsaye tsakanin waɗannan ramuka biyu yana buƙatar kowace irin shaida da zai iya samu, kuma hoton siti, wanda shi ne babbar shaida, kuɗinsa ya fi ƙarfin gidaje da yawa, balle a ce a riƙa maimaita shi duk bayan wata biyu.

A nan gwajin jini yake shigowa. Huhun ɗan Adam yana ɗauke da ƙananan jakunkunan iska sama da miliyan 300, kuma tsakanin iskar da ke cikinsu da jinin da ke kewaye da su akwai wani bango siriri ƙwarai wanda oksijin yake ratsawa. A jikin wannan bango akwai wasu ƙwayoyin halitta masu aiki biyu: suna fitar da wani ruwa mai santsi da ke hana jakunkunan manne wa juna, kuma su ne ke hayayyafa su yi gyara idan bangon ya samu rauni. A fuskar waɗannan ƙwayoyi akwai wani furotin mai yauƙi da ake kira KL-6, a cikin ruwan santsin kuma akwai wasu biyu, SP-A da SP-D. Muddin bangon yana da lafiya, kaɗan ne daga cikinsu ke isa jini. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka abin yake a nan: idan magani ya raunata bangon, masu gyara suka yawaita, sai waɗannan sinadarai su kwarara cikin jini, inda za a iya auna su da ɗan abin da bai cika cokalin shayi ba. Bambancinsu da irin alamomin kumburin da nake aunawa kullum shi ne, waɗancan suna tashi ko ƙurji ne a ƙafa ko maleriya, su kuwa waɗannan sun fi nuni zuwa ga huhu.

Ba abin mamaki ba ne da kusan duk wannan ilimi ya fito daga Japan, domin sun ɗanɗana kuɗarsu. Wani likita mai suna Nobuoki Kohno ne ya gano KL-6 a Jami'ar Hiroshima a 1985, yana neman alamar ciwon dajin huhu, daga baya aka lura ya fi amfani wajen nuna lalacewar bangon jakunkunan iska, kuma tun 1999 inshorar lafiyar ƙasar take biyan kuɗin gwajinsa. A 1996 hukumomin lafiyarsu suka yi gargaɗi a kan wani sanannen haɗin gargajiya na saiwoyi mai suna Sho-saiko-to, wanda masu ciwon hanta suke sha, bayan an danganta shi da kumburin huhu da mutuwar mutum 10. Masu cewa maganin gargajiya ba ya illa tunda daga itace aka samo shi, ya kamata su tsaya a kan wannan labari. Sannan a watan Yulin 2002 Japan ta riga kowace ƙasa amincewa da Iressa, sabon maganin ciwon dajin huhu, kuma bayan kimanin wata uku aka fitar da sanarwar gaggawa saboda masu mutuwa da kumburin huhu, adadin da daga baya ya kai ɗaruruwa. An lura cewa illar ta fi yawa a jikin Japanawa fiye da Turawa, nesa ba kusa ba. Yau likitan Japan yakan auna KL-6 da SP-D kafin ya fara ba da magani mai haɗari, ya riƙa maimaitawa, kuma iyakar da suka ɗauka ita ce 500 ga KL-6 da 110 ga SP-D, kowanne da ma'auninsa. Bincike bai tsaya ba: a 2022 masana a cibiyar kimiyyar lafiya ta ƙasar sun ba da rahoton wani furotin, sitiratifin, da ke tashi a mafi munin nau'in wannan illa, wanda ke kisa cikin kwanaki.

Duk da haka, wanda ya ce maka wannan gwaji yana yanke hukunci shi kaɗai bai gaya maka gaskiya ba. Wani bincike da aka wallafa a 2003 a kan marasa lafiya 30 da magani ya taɓa huhunsu ya samu KL-6 ya haura iyaka a kusan rabinsu ne kawai, akasari waɗanda lalacewar ta yi zurfi. Ke nan sakamako mai kyau ba ya wanke magani. Ta ɗaya ɓangaren kuma, KL-6 yana tashi a wasu cututtukan daji na huhu da na mama, yana tashi a limoniyar da ke kama masu raunin garkuwa saboda cutar HIV, ya tashi a masu tsananin korona, kuma yana iya tashi a tarin fuka idan ya mamaye huhu. Gwajin yana cewa bango ya tsage ne, ba ya faɗin wanda ya tsaga shi. A Japan, inda tarin fuka ya ja baya ƙwarai, wannan ƙaramar matsala ce. A Kano ita ce matsalar gaba ɗaya, domin babban abin da likitanmu yake son rarrabewa shi ne ainihin abin da gwajin zai iya haɗewa.

Akwai kuma batun iyakar kanta. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san cewa ba a cinikin tiya sai an san tiyar wace kasuwa ake magana a kai. A 2012 masu bincike suka kwatanta Jamusawa da Japanawa, suka ga cewa yawan KL-6 a jinin lafiyayyun Jamusawa ya fi na Japanawa, saboda wani bambanci na gado a ƙwayar halittar da ke sarrafa furotin ɗin. Idan lamba ɗaya ba ta yi wa Hiroshima da Jamus daidai ba, da wace hujja za a ce ta yi wa Bahaushe ko Bafulatanin Kano daidai? Mu da ke aikin gwaje-gwaje mun san wannan ciwo tun da daɗewa. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma suna da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini idan aka auna su da ma'aunin Turawa, alhali lafiyarsu ƙalau, gado ne kawai, amma takardun sakamako da yawa har yanzu da iyakar Turawa ake buga su. Ɗan na'urar nan da ake maƙala wa yatsa domin auna oksijin, wani bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka ya nuna a 2020 cewa ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata. Hatta ƙwayoyin jinin da ke yawaita idan jiki ya ƙi wani magani, waɗanda likitan Turai zai gani ya zargi naitirofurantoyin nan take, a wurinmu tsutsar ciki da tsargiya suna ɗaga su a jikin mutane da yawa. Kowane ma'auni da aka kawo mana daga waje sai ya zo da ƙurar garinsu, kuma sai an kakkaɓe.

Saboda haka abin da nake kira a yi ba sayen na'urori ba ne da farko. Aiki ne na bincike wanda bai fi ƙarfin Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba, tare da asibitocin jiha irin su Murtala da Nassarawa da Asibitin Zana, kuma irin aikin da asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu yake ɗaukar nauyinsa ne. A auna KL-6 da SP-D a jinin lafiyayyun Kanawa, maza da mata, matasa da dattijai, domin a san tiyarmu. A auna a jinin waɗanda na'urar GeneXpert ta tabbatar suna da tarin fuka, kafin magani da bayansa, domin a san iyakar inda tarin fuka yake kai lambar. A auna a jinin matan da suka shekara talatin suna girki da itace a rufaffen madafi, da masu aikin hatsi a Dawanau, da ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, domin huhun da ya sha hayaƙi da ƙura ba lallai ne ya fara daga inda huhun ɗan ofis yake farawa ba. Sannan, wanda ya fi duka muhimmanci, a ɗebi jinin duk wanda za a fara wa biliyomaisin ko amiyodaron ko metotireksat tun ranar farko a adana. Ƙarfin wannan gwaji yana wajen kwatanta mutum da kansa: wanda ya fara da 250 ya koma 480 bai haura iyakar Japan ba, amma jininsa ya yi magana. Da an adana jinin kawu ranar da aka rubuta masa maganin zuciya, da akwai abin da za a kwatanta da shi ranar da ya fara dafa bango. Akwai nau'in gwajin KL-6 da ke aiki a kan irin injinan gwajin hanta da ƙoda da manyan asibitocinmu suke da su, don haka abin da zai fi cin kuɗi shi ne sinadaran gwajin da firjin adana jini wanda wutarsa ba ta ɗaukewa, kuma wutar sola ta sauƙaƙa wannan.

Na san abin da za a ce, domin abokan aikina sun faɗa mini a fuska: a jihar da mata ke mutuwa wajen haihuwa, yara ke fama da tamowa da maleriya, wane ne yake da lokacin wata illa da ba ta cika faruwa ba? Hujja ce mai nauyi, kuma da a ce ina neman a ɗebi kuɗin rigakafi a sayi KL-6 ne, da na yarda an kayar da ni. Amma masu shan waɗannan magunguna ba a warwatse suke ba, suna taruwa ne a ɗakunan ganin likita guda uku ko huɗu, na zuciya da na daji da na gaɓɓai, kuma mutane ne da iyalansu suka riga suka sayar da fili ko dabbobi domin jinya. Matashin da biliyomaisin ya warkar daga ciwon daji, cutar da ake iya warkewa daga ita sarai, sannan ya rasa huhunsa saboda ba a lura da wuri ba, asara ce biyu. Kuma cewar illar ba ta cika faruwa ba, da me muka auna? Abin da ba a nema ba a ganin sa. Sababbin magungunan daji masu zaburar da garkuwar jiki, waɗanda kumburin huhu yake cikin sanannun illolinsu, sun fara isowa hannun masu hali a Najeriya, kuma za su ƙaru. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sai dai ko an kawo gwajin gobe, ba zai yi amfani ba idan babu wanda ya san abin da mara lafiya yake sha. Kawu yana da kati a asibiti biyu, kowanne bai san da ɗayan ba, kuma shi a wurinsa maganin da ya saba da shi ya daina zama magani, ya zama kamar goro. Mutane da yawa ba su san sunan abin da suke sha ba, sai dai su ce fari ƙarami ko mai ruwan ɗorawa, wani lokaci ma an ɓare ƙwayoyin daga kwalinsu an ƙulla a leda. Mayar da dillalan magunguna daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro a farkon 2024 mataki ne na tsabtace inda magani yake fitowa, amma bai taɓa abin da ke faruwa tsakanin mai kyamis da mai saye ba. Ina ganin wajibi ne duk wanda ya rubuta ko ya miƙa ɗaya daga cikin waɗannan magunguna ya gaya wa mai karɓa, da Hausa, cewa idan ya ji sabon tari ko haki ya dawo da wuri, kuma ya rubuta masa sunan maganin da ranar farawa a takardar da zai riƙa yawo da ita. Wajibi ne kuma a cibiyoyin tarin fuka, duk wanda gwajinsa bai nuna cutar ba a zazzage ledarsa kafin a ɗora shi a kan magani, a sake zazzage ta idan ya yi wata guda bai samu sauƙi ba. Wannan ba ya cin ko sisi. Haka nan kai rahoto: Najeriya ta shiga shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan illolin magunguna tun 2004, NAFDAC tana da takardar rahoto, ta kuma ƙaddamar da manhajar waya ta Med Safety a 2020, amma sau nawa ake cikewa? Na kawu sai da na zauna da likitan muka cike shi tare, kuma ya gaya mini shi ne na farko da ya taɓa aikawa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba a iya tsallake shi a Kano. Duk wanda zai ce wa mutanen garin nan su ba da jininsu domin bincike, sai ya tuna da 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 suka rasu, wasu daga cikin waɗanda aka bai wa sabon maganin, wasu daga cikin waɗanda aka bai wa tsohon. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon wannan lamari yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, kuma har yau akwai gidajen da kalmar bincike take tayar musu da hankali. Binciken da nake kira a yi ba ya bai wa kowa sabon magani, jini kawai yake ɗiba, amma wannan ba dalili ba ne na yin sakaci da amana. A rubuta takardar neman yarda da boko da ajami, a karanta wa wanda ba ya karatu a gaban wani nasa, a faɗa masa inda za a ajiye jinin, da shekarun da zai yi, da ko zai fita ƙasar waje, kuma a tabbatar masa cewa idan ya ƙi ba abin da zai ragu daga kulawar da ake ba shi. Masu unguwanni da limamai su ji bayanin tun kafin a fara, daga bakin likitocin da suka sani.

Na gwada wannan magana a kan kawu da kansa, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana zaune a zaure yana mayar da numfashi. Na ce masa, "Kawu, da za a zo neman jininku domin a auna a san yadda za a gane irin ciwonku da wuri a jikin wasu, za ku bayar?" Ya yi shiru ɗan lokaci, sannan ya ce, "Zan bayar, ko sau nawa ne. Amma ka gaya musu sharaɗina ɗaya ne: in sun gama aunawa, su dawo nan zauren su faɗa mini abin da suka gani."